Daga Gras zuwa Meunier: zuriyar wani harsashi da yaƙin Kawsan a Agadas (1916-1917)

1. Gabatarwa

Yawancin rubuce-rubucen da aka yi a kan yaƙin Kawsan sun fi mai da hankali ga mutane da dalilai: Kawsan kansa, Sarkin Abzin Tagama, ɗariƙar Sanusiyya, haraji, da ƙwacen raƙuma. Littafin André Salifou na shekara ta 1973 da maƙalar Finn Fuglestad ta wannan shekarar su ne ginshiƙan wannan fage. A ko'ina ana ambaton cewa mayaƙan sun zo da bindigogi na zamani, amma ba a cika tsayawa a kan abin da bindigogin suke ci ba.

Manufar wannan maƙala ita ce mu ɗauki harsashi a matsayin abin tarihi mai asali da zuriya. Za mu bi salsalar harsashin sojan Faransa tun daga 1866 har zuwa 1929, tare da wani reshe nasa na gwaji, wato harsashin Meunier mai cin dogon zango, wanda ya mutu tun yana jariri. Daga nan sai mu duba yadda wannan zuriya ta shafi abin da ya faru a Agadas tsakanin 13 ga Disamba 1916 da 3 ga Maris 1917. Ra'ayin da muke son karewa shi ne: a cikin Sahara, tsawon hanyar da harsashi yake bi kafin ya iso hannun maharbi ya fi nisan da yake ci bayan an harba shi muhimmanci.

2. Kalmomin aiki

A Hausar yau da kullum kalmar harsashi tana ɗaukar ma'ana biyu: abin da ake ɗurawa a bindiga, da kuma abin da yake fita daga bakinta. Don kauce wa ruɗani, a nan za mu kira abin gaba ɗayansa harsashi, mu raba shi kashi huɗu. Akwai kwanso, wato gidan tagulla mai riƙe da sauran. Akwai ƙwaya, ita ce mai tashi ta sami abin hari. Akwai albarushi. Sai maƙyasti, ɗan ƙaramin abin da ke gindin kwanso, wanda allurar bindiga take sara ya ba da wuta. Kwanso yana da wuya da kafaɗa da gindi, wani kuma yana da leɓe kewaye da gindin, wani ba shi da shi. Idan aka rubuta 11x59, ana nufin faɗin ƙwaya milimita 11 ne, tsawon kwanso kuwa milimita 59.

3. Zamanin maƙeri

Kafin ƙarshen ƙarni na 19, bindigar da aka fi sani a ƙasar Hausa da Abzin ita ce mai ɗurin baki. Amfaninta ga mai mulki shi ne abincinta yana samuwa a gida. Ana haɗa albarushi da gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake tacewa daga ƙasa, ƙwaya kuwa maƙeri ne yake zuba ta da darma ko ya sare ta daga ƙarfe. Masana tarihin Damagaram sun ruwaito cewa Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi wajen 6000 da igwa wajen 40, kuma a cikin Zinder ake haɗa albarushi, a nan ake zubin wasu daga cikin igwogin. Abzinawa kuwa sun daɗe suna dogara ga takobi da mashi da garkuwar fata.

Abin lura a nan shi ne, mai irin wannan bindiga bai dogara ga wata masana'anta ta ƙetare ba. Ko an toshe masa hanya, yana iya ci gaba da yaƙi. Zuriyar harsashin da za mu bi yanzu, kowane mataki nata ya rage wannan ƴanci.

4. Kaka da uba: Chassepot da Gras

A 1866 sojan Faransa suka karɓi bindigar Chassepot mai ɗurin gindi. Harsashinta na takarda ne, ƙwayar darma ce mai faɗin milimita 11 da nauyin giram 25, tana fita da saurin mita 410 a daƙiƙa, abin saitinta kuma ya kai mita 1200. A yaƙin 1870-1871 ta fi bindigar Dreyse ta Jamusawa nisa ninki biyu, kuma ta yi musu mummunar ɓarna a Saint-Privat ranar 18 ga Agusta 1870. Duk da haka Faransa ce ta sha kashi, saboda igwogin Krupp da kyawun tsarin jigilar abokan gaba. Tun daga nan aka ga cewa nisan harbi kaɗai ba ya cin yaƙi.

Takarda ba ta jure laima da wahalar tafiya, tana kuma barin dauɗa a cikin bindiga. Saboda haka a 1874 Kaftin Basile Gras ya sauya Chassepot ta koma cin harsashi mai kwanson tagulla, 11x59 mai leɓe. Ƙwayar tana nan giram 25, albarushi baƙi ne, saurin ya kai mita 450, abin saiti kuma mita 1800. Ɗaya-ɗaya ake ɗura ta. A 1878 sojan ruwa suka karɓi bindigar Kropatschek mai ɗaukar harsasai da dama a cikin wani kororo ƙarƙashin bututu, ita ma wannan harsashin take ci.

Gras ta yi farin jini a Afirka fiye da kowace bindigar Faransa. Da aka daina yayinta a Turai, sai dillalai suka kwashe dubbai suka bazo da su. A Habasha sunanta ya shiga harshen Amhara, har harsashinta ya zama kuɗin canji a kasuwa. Maƙeran Samori sun ƙera kwafinta, mayaƙansa kuma suna tsince kwansuna bayan an tashi daga faɗa don a sake ɗura su. Dalilin wannan farin jini a fili yake: kwanson Gras ana iya sake cika shi da albarushin gida da darmar gida sau da yawa. Maƙyasti ne kawai sai an sayo. Wato dai Gras tana tsaka-tsaki, ƙafa ɗaya a maƙera, ƙafa ɗaya a masana'anta.

5. Ɗa: harsashin Lebel

A 1884 masanin kimiyya Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, wanda aka sa wa suna poudre B. Ya fi baƙin albarushi ƙarfi kusan ninki uku, ba ya tona asirin maharbi da hayaƙi, ba ya kuma cika bututu da toka. A farkon 1886 Janar Boulanger ya zama ministan yaƙi, ya ba da umarni a fito da sabuwar bindiga cikin ƴan watanni. Saboda ƙurewar lokaci, kwamitin bai tsara sabon kwanso ba. Sai ya ɗauki kwanson Gras ya matse wuyansa daga milimita 11 zuwa 8, ya rage tsawonsa, ya bar masa faffaɗan gindi da leɓe mai kusan milimita 16. Haka aka haifi 8x50 na bindigar Lebel samfurin 1886, harsashin soja na farko a duniya mai albarushi marar hayaƙi.

Ƙwayarsa ta farko, balle M, darma ce da aka lulluɓe da rigar ƙarfe, nauyinta giram 15, bakinta a daƙushe, saurinta wajen mita 630. An daƙushe bakin ne da gangan, domin harsasai takwas suna jere a cikin kororo, bakin kowane yana taɓa gindin na gabansa. A 1898 aka karɓi balle D ta Kaftin Desaleux: tagulla ce zalla, giram 12,8, mai tsinin baki da siririn gindi kamar na kwalekwale. Saurinta mita 700 ne, tana iya faɗuwa bayan fiye da mita 4000, aka kuma ɗaga abin saiti zuwa mita 2400. Ita ce ƙwaya mai tsini ta farko da wata runduna ta karɓa. Jamus da Amurka sun biyo baya a farkon ƙarni na 20. Don kada tsinin ya sari maƙyastin na gaba, sai aka yi wani kwarmi kewaye da maƙyasti inda bakin ƙwaya zai kwanta.

Gadon Gras ya zame wa harsashin Lebel alaƙaƙai. Kwanso mai faɗin gindi da leɓe, mai zubin mazurari, ba ya jeruwa sosai a gidan harsashi mi�aƙƙe. Shi ya sa bindigogin Berthier, waɗanda suka haɗa da gajeren samfurin 1892 da samfurin 1907 da aka yi musamman don sojan Afirka da ake kira tirailleurs sénégalais, suke ɗaukar harsashi uku kacal a lokaci guda, sai a 1916 aka mai da su biyar. Shi ya sa kuma gidan harsashin bindigar Chauchat ya lanƙwashe kamar jinjirin wata. Jamusawa kuwa tun 1888 suka fito da kwanso marar leɓe.

Ga mutanen Sahel, babban sauyin yana wani wajen. Albarushi marar hayaƙi sai masana'antar kimiyya, ƙwaya mai riga ko ta tagulla zalla sai injin matsa. Idan aka ɗura wa ƙaramin kwanso baƙin albarushi, ƙarfin ya tafi, bututu kuma ya toshe da wuri. Da zuwan harsashin milimita 8 da ire-irensa, maƙeri ya fita daga lissafi.

6. Jikan da bai rayu ba: harsashin Meunier

Injiniyoyin sojan Faransa sun san aibin harsashin Lebel tun da wuri. Daga shekarun 1890 zuwa 1912 sun yi ta gwaje-gwaje a asirce a kan ƙananan harsasai marasa leɓe, masu faɗin milimita 6, da 6,5, da 7. Burinsu shi ne ƙwaya mai tsananin sauri, mai tafiya a miƙe, yadda soja zai sami abin hari daga nesa ba tare da yawan gyara saiti ba, da kuma kwanso wanda zai dace da bindiga mai ɗura kanta. Wasu samfurorin gwajin sun kusa saurin mita 1000 a daƙiƙa.

Wanda ya fi nisa cikin waɗannan gwaje-gwaje shi ne na Étienne Meunier. Bindigarsa, A6, tana amfani da ƙarfin komawa baya na harbi don fitar da kwanso da ɗura sabo. An amince da ita a 1910, aka tsayar mata da harsashin milimita 7 marar leɓe, mai kwanso wajen milimita 57. Amma ba a shiga ƙera ta da yawa ba. Yaƙi yana ƙaratowa, Faransa tana da bindigogin Lebel kusan miliyan 3, rumbunanta cike da harsashin milimita 8, injunan masana'antunta duka an saita su a kansa. Sai a 1916 aka ƙera wajen guda dubu a Tulle, aka aika yawancinsu fagen daga na Faransa. Da aka zo 1917, sai hukuma ta zaɓi wata bindiga mai ɗura kanta, RSC, wadda aka ƙera fiye da 80.000, don kawai tana cin tsohon harsashin Lebel. Daga nan harsashin Meunier ya shiga gidan tarihi.

Wannan misali yana da amfani gare mu ƙwarai. Ga ƙasa mai masana'antu da jiragen ƙasa, amma ta kasa ɗaukar nauyin harsashi iri biyu a tsakiyar yaƙi, ta ajiye mafi inganci ta riƙe wanda take da shi da yawa. A daidai shekarar da ake ƙera Meunier a Tulle, a Abzin wani jagora yana shirin yaƙi da bindigogi iri-iri, ba shi da masana'anta ko ɗaya.

7. Layin digiri 20

Ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da Daular Usmaniyya da wasu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Burusel. Ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogi na zamani da harsasansu tsakanin digiri 20 na arewa da digiri 22 na kudu, ta bar musu mai ɗurin baki da albarushin kasuwa. Agadas tana kan digiri 17, wato cikin yankin hani. Gat da Murzuk da Kufra kuwa suna arewa da layin. Saboda haka duk mai neman harsashi a Abzin ko Damargu ko Kanem, dole ya fuskanci arewa, hanyar Tarabulus da Bingazi, inda zawiyoyin Sanusiyya suke da ƙarfi.

Abubuwa biyu da suka faru a farkon mamaya sun nuna fuskoki biyu na al'amarin. Ranar 7 ga Mayu 1902 a Tit, cikin Ahaggar, ƴar rundunar Laftana Cottenest ta kashe mayaƙan Kel Ahaggar kusan ɗari, ita kuwa ta rasa mutum uku. Takobi bai iya ƙetare filin da harsashi yake sharewa ba. Amma shekara uku kafin nan, ayarin Foureau da Lamy, wanda ya taso daga Wargala da raƙuma wajen dubu, ya maƙale watanni a Iferwan saboda raƙuman sun mutu, har sai da ya ƙone kayansa da yawa kafin ya iso Agadas ranar 28 ga Yuli 1899. Bindigoginsu lafiya lau suke, abin ɗaukar kaya ne ya ƙare.

8. Inda makaman Kawsan suka fito

Kawsan, Ba'abzine daga Ikazkazan, ya bar ƙasarsa bayan shigowar Faransawa, ya yi shekaru a gabas, a Kanem da Borku, inda ya shiga Sanusiyya ya kuma koyi yaƙin bindiga. Damar da yake jira ta zo daga Italiya. Italiyawa sun shiga Libiya a 1911, rundunar Kanal Miani ta mamaye Fazzan a 1913-1914, amma a ƙarshen 1914 aka kore su, suka bar makamai a barikokinsu. Ranar 29 ga Afrilu 1915, a Ƙardabiyya kusa da Sirt, aka tarwatsa rundunar Miani, dubban bindigogi da miliyoyin harsasai da igwogi suka faɗa hannun mayaƙan Libiya. A watan Maris 1916 barikin Faransawa na Janet ya faɗi a gaban igwa irin wannan.

Sojan Italiya a Libiya suna riƙe da bindiga iri biyu: Carcano samfurin 1891 mai cin 6,5x52 marar hayaƙi, da tsohuwar Vetterli mai faɗin milimita 10,35 wadda aka fi ba sojan Afirka. Ban da su akwai Mauser ta Turkawa, akwai Gras ta kasuwa, akwai kuma Lebel da Berthier da aka ƙwace a faɗa. In ban da Lebel da Berthier masu cin harsashi ɗaya, babu ɗaya daga cikinsu da take cin harsashin ƴar'uwarta. Rundunar da ta haɗa irin waɗannan makamai tana iya samun buhun harsashi a hannu alhali rabin mayaƙanta bindigoginsu sun zama sanduna. A ɓangaren Faransawa kuwa, sojan ƙasa da sojan raƙuma harsashi ɗaya suke ci, na milimita 8, tsohuwar Gras kuma an bar wa masu gadi da ƴan sa-kai.

9. Kwana tamanin

Faransawa sun zauna daram a Agadas tun 1906, barikinsu yana wajen gari. Kawsan ya iso a watan Disamba 1916 da ƙwararrun ƴan bindiga da igwa da aka ƙwace daga Italiyawa, Sarki Tagama ya buɗe masa gari, ƙabilun Abzin da yawa suka bi. Kaftin Sabatié da mutanensa kimanin ɗari suka kulle kansu a bariki. A ƙarshen watan, sojan raƙuma masu rakiyar ayarin gishiri daga Bilma suka faɗa tarko a Tin-Taborak, gabas da Agadas, aka hallaka mafi yawansu. A fili, inda ake iya yin kwanton ɓauna, sabbin bindigogin sun daidaita ƙarfin ɓangarorin biyu, abin da bai yiwu ba a Tit.

Kewaye bariki wani abu ne dabam. Igwar ba ta iya rusa ganuwar ba, kai farmaki a fili kuma a gaban harsashin milimita 8 kashe kai ne. Sai yaƙin ya koma na jira, mai jira kuwa kullum yana ci daga abin da ya zo da shi. Bari mu yi ɗan lissafi don misali. Raƙumi yana ɗaukar kilo 150 a doguwar tafiya. Harsashin Gras giram 44 ne, na Lebel giram 28, na Carcano giram 23. Ke nan kayan raƙumi ɗaya, ban da nauyin akwati, harsashin Gras 3400 ne, ko na Lebel 5300, ko na Carcano 6500. Idan mutum 200 suka harba 20 kowanensu a yini, cikin kwana 80 sun ƙone 320.000, wato kayan raƙumi wajen 50. Tsakanin Gat da Agadas ya fi kilomita 900 a miƙe, tafiyar wata guda ko fiye. Kuma a ƙarshen wannan hanya ganima ce take jibge, wadda take raguwa kullum ba ta ƙaruwa.

Hanyar Faransawa ta fi tsawo nesa ba kusa ba, amma a ƙarshenta akwai masana'antun Valence da Toulouse da Tarbes. An ɗauko sojoji daga Dakar a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano tun 1911, ya kawo su fiye da kilomita 1100 cikin ƴan kwanaki. Daga Kano zuwa Zinder, hedikwatar yankin soja a lokacin, kilomita 240 ne, daga Zinder zuwa Agadas wajen 450. Ingilishi na Najeriya su ma sun turo rundunoni zuwa Tasawa da Madawa don tsare baya. A watan Fabrairu 1917 rundunar Kanal Mourin, fiye da mutum dubu, ta taso daga Zinder, ta shiga Agadas ranar 3 ga Maris. Za mu iya cewa layin dogo na Kano yana cikin waɗanda suka ci yaƙin Agadas.

Abin da ya biyo baya sananne ne. An kashe mutane fiye da ɗari a Agadas da Ingal ba tare da shari'a ba, cikinsu har da malamai. Kawsan ya ci gaba da faɗa a cikin duwatsun Abzin har 1918, sannan ya nufi Tibesti da Fazzan, aka rataye shi a Murzuk a watan Janairu 1919. An kama Tagama a 1919, aka kashe shi a kurkuku a Agadas a ƙarshen Afrilu 1920. Francis Rodd, wanda ya zaga Abzin a 1922, ya tarar da garuruwa da yawa sun zama kufai.

10. Iyakar wannan hujja

Ba ma cewa harsashi ne kaɗai ya yanke hukunci. Fari da yunwar 1913-1914, haraji, da tilasta wa mutane ba da raƙuma su ne suka hura wutar. Tawayen Firhun na Iwillimmidan an riga an murƙushe shi a Andarambukan tun Mayu 1916, wata bakwai kafin Kawsan ya iso, saboda haka ƙarfin bai haɗu a lokaci ɗaya ba. Haka kuma Abzin ba ta noma abin da zai ciyar da ita. Geronta daga Damargu da ƙasar Hausa yake zuwa, kuma Faransawa sun riƙe wannan hanya, sun tsare rijiyoyi. Sai dai idan aka duba da kyau, waɗannan dalilai da namu jirgi ɗaya ya kwaso su. Gero da ruwa da harsashi duka kaya ne da ake ɗauka a kan raƙumi, kuma wanda ya riƙe hanya shi ya riƙe su.

11. Ƙarshen zuriya

Bayan yaƙin duniya na farko Faransa ta koma ga darasin Meunier. A 1924 ta fito da harsashi marar leɓe mai faɗin milimita 7,5 don sabuwar bindigarta mai ruwan harsashi. Shi ma bai daɗe ba, domin ya yi kama da 7,92x57 na Jamus har ana iya ɗura wannan a madadin wancan, bindigogi suka riƙa fashewa. A 1929 aka gajarta kwanson ya koma 7,5x54, wanda bindigar MAS 36 take ci, ita ce kuma rundunonin tsoffin ƙasashen mallaka suka gada bayan 1960. Harsashin Lebel ya sami ƙwayarsa ta ƙarshe, balle N, a 1932, ya ci gaba da aiki a hannun ƴan sa-kai har shekarun 1950. Tsoffin Gras kuwa an rarake bututunsu aka mai da su bindigogin farauta.

Tambayar da 1916 ta ɗora ba ta tsufa ba. A tawayen 1990-1995 harsashin Kalashnikov, 7,62x39, shi ne ya cika arewacin Nijar, kuma ƙarfinsa shi ne iri ɗaya ne daga wannan iyaka zuwa waccan. An sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, aka ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Da gwamnatin Libiya ta rushe a 2011, rumbunan Fazzan suka sake buɗewa, makamai suka biyo kusan hanyar da suka bi a 1915.

12. Kammalawa

Mun ga yadda kwanson Gras na 1874 ya haifi na Lebel, yadda gaggawar 1886 ta bar masa aibi, da yadda harsashin Meunier, wanda aka tsara don gyara aibin, ya mutu saboda ba shi da rumbu a bayansa. Mun ga kuma cewa dokar da ta kashe Meunier a Faransa ita ce ta takura Kawsan a Agadas.

Muna ba ɗalibanmu shawarar aiki guda. A gindin kowane kwanso akwai rubutu. Na Faransa yana ɗauke da shekara da rubu'in shekara da haruffan masana'anta, kamar VE na Valence ko TE na Toulouse. Na Italiya yana da shekara da B na Bologna ko C na Capua. Allurar kowace bindiga kuma tana barin tambarinta a kan maƙyasti. Da irin wannan shaida ce masu binciken ƙasa a Amurka suka sake zana yadda faɗan Little Bighorn na 1876 ya gudana, a aikin da suka yi a 1984-1985. Busasshiyar ƙasar Abzin tana adana tagulla da kyau. Idan aka bi wuraren faɗa da izinin hukuma da na masu ƙasa, aka rubuta inda aka tsinci kowane kwanso kafin a ɗaga shi, aka haɗa da sunayen da tsofaffi suke kiran bindigogin da Tamashek da Hausa, za a sami wata shaida ta uku da za a ajiye kusa da rahotannin hafsoshin Faransa da labaran baka.